Igiyar Baba Ƙulli

Kowa a layin ya san Baba Ƙulli, amma ba kowa ya san inda sunan ya samo asali ba. Mahaƙin rijiya ne tun yana saurayi, gajere kakkaura, tafin hannunsa kamar gindin tukunya. Shi ya haƙa rijiyar bakin layi shekara talatin da ɗaya da suka wuce, wadda gida arba'in ke sha. Tun shekarar farko ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk ƙarshen rani sai ya ɗaura dutse a igiya, ya zura har ya taɓa ruwa, ya yi ƙulli daidai bakin rijiyar, ya naɗe igiyar ya rataye a bayan ƙofa. Matarsa ta sha cewa da yana tuna shekarun 'ya'yansa kamar yadda yake tuna wannan igiya, da ta gode Allah.

Ƙulle-ƙullen farko a manne suke da juna. Na baya-bayan nan kuwa, kamu guda cur ne tsakanin wannan da wancan. Ruwa na gudu ƙasa, kuma ya san abin da ke ƙasan, baƙin dutse ne da ya taɓa karya masa diga biyu. Saura kamu uku ruwan ya ƙare.

Ana cikin haka sai mai wankin mota na ƙarshen layi ya zo da tayi. Zai sa inji a rijiyar ya ja ruwa zuwa wurinsa, shi kuma ya kafa wa layi famfo. Mata suka yi murna, don wa ke son jan guga? Aka sa zama da hantsi a rumfar tela.

Wanda ya fi kowa goyon bayan injin kuwa ƙanin Baba Ƙulli ne, malamin kimiyya a makarantar sakandare, mutumin da bangon ɗakinsa duk hotunan taurari ne. Abin ya yi wa Baba zafi ƙwarai, don da haƙan rijiya ya yi masa karatu.

"Yaya, ka daina tayar wa mutane hankali," in ji malamin. "Duniya ta wuce nan. An gano ƙanƙara a duniyar wata. Akwai duwatsu a sararin sama cike da ƙarfe. Jikokinmu can za su ɗebo, wasu ma can za su zauna. Ƙasa ba ita kaɗai ce rumbunmu ba."

Baba Ƙulli ya kwance igiyarsa ya shimfiɗa ta a ƙasa, tun daga keken tela har bakin kwata, ya bar mutane suka ga yadda ƙulle-ƙullen ke nisanta da juna.

"To, malam," ya ce, don haka yake kiran ƙanin nasa in ransa ya ɓaci. "Ruwan watan nan, nan da shekara uku zai iso layinmu?"

"Haba Yaya! Ai abu ne na shekaru masu yawa."

"Madalla. Su waɗanda ke zaune a saman yanzu, da kake nuna mana a waya suna shawagi kamar auduga, wace rijiya suke ja?"

Malamin ya gyara tabarau. Allah Ya sani, ba maƙaryaci ba ne. Ya ce ba su da rijiya. Ruwan da suke da shi suke tacewa su sake sha, har gumin jikinsu, har fitsarinsu.

Tela ya ce, "A'uzubillahi!" Mata suka fashe da dariya. Baba Ƙulli kam bai yi dariya ba, idonsa ne ya buɗe.

"Ashe su da suka kai saman ma tattali suke yi! Mu da ko kan rufi ba mu hau ba, mu ne za mu zubar a kwata? Wallahi inji ba zai shiga rijiyar nan ba ina raye. Amma kai mai wankin mota, ba zan bar ka a bushe ba. Ka ba ni wata guda."

Ya kuwa tsaya kai da fata. Ya haƙa rami a wurin wankin, ya shafe shi da siminti don ruwan kumfa ya taru. Ya jera durom uku, na tsakuwa, na yashi, na gawayi, don a tace ruwan a sake wanki da shi. Karon farko ruwan ya fito baƙi ƙirin yana ƙarnin mai, mai wankin mota ya yi tsaki ya ce bai ga alama ba. Baba ya zazzage komai ya sake. A mako na uku malamin ya zo da kansa, ya naɗe hannun riga, ya nuna masa yadda za a ƙara durom a gaba don man ya taso sama a kwashe. Ba wanda ya ba wani haƙuri, aiki kawai suka yi. Daga nan suka bi gida-gida suna kafa indararo, ruwan rufi ya riƙa gangarawa ramukan tsakuwa ya nutse a ƙasa maimakon ya bi titi. Gida tara suka ƙi, Baba ya yi ta komawa har bakwai suka gaji suka yarda.

Da rani ya sake ƙarewa, ya ɗauko igiya. Ya zura dutsen a hankali, malamin na tsaye a bayansa. Dutse ya taɓa ruwa. Baba ya duba hannunsa, ruwan ya sauka, amma da yatsa huɗu kacal.

"Bai tsaya ba, Yaya," in ji malamin.

"Bai tsaya ba," Baba ya amsa, yana ɗaure sabon ƙulli dab da na bara. "Saura gida biyu. Ɗauko tsani, ƙanena."