Baƙon da Ke Kwana a Shagon Huzaifa

Wata rana wata uwa ta fita sayen koko da kanta, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Gidansu ɗaki biyu ne. Da babban ɗanta Huzaifa ya fara tasawa, muryarsa ta buɗe, sai maigidan ya ce bai dace ya ci gaba da kwana cikin ƙannensa mata ba, ga ɗakin iyaye bango ɗaya.

Gaskiyarsa.

Aka share masa shagon ƙofar gida, wanda ƙofarsa ke kallon titi. Aka ba shi katifa da kwaɗo, kowa ya kakkaɓe hannunsa.

Huzaifa ɗan fari ne, kunya ba ta barin uwar ta leƙa ɗakinsa. Abincinsa a zaure ake ajiyewa, kwano ya dawo wayam. Uban kuwa in ya dawo kasuwa ya ga ƙofa a rufe, sai ya ce yaro ya natsu.

Ta lura ya daina shigowa gaisuwa. Ta hango sabuwar waya a hannunsa, ta kawar da kai. Tuwon da a da yake ragewa ya koma ba ya isarsa, ta ce girma ne.

Wannan kawar da kan shi ya fi ƙona min rai.

Iya mai koko, wadda rumfarta ke kallon shagon, tana zuba mata ta ce, "Yau babu na baƙon naku?"

"Wane baƙo, Iya?"

"Dattijon da ke kwana wajen Huzaifa tun kafin azumi. Ai ce min ya yi shi ƙanen maigidanki ne."

Maigidanta ba shi da ƙane.

Ta bar kokon a nan, ta nufi shagon. Kwaɗon yana rataye a buɗe. Ta tura ƙofar da ba ta taɓa turawa ba.

Matashin kai biyu a kan katifa ɗaya. Ƙamshin turaren da ba na gidanta ba. Kayan makaranta a jibge a lungu, duk sun yi ƙura. Ƙusar da ake rataye jaka babu komai.

Ta fito a ruɗe, ko mayafinta ba ta gyara ba. Iya ta ce ai da sassafe ta ga sun hau babur su biyu da jaka, ta ɗauka aiken uban ne.

Duk unguwar ta san fuskar mutumin nan. Mutum biyu ne kawai ba su taɓa ganinsa ba, uwar yaron da ubansa.

Har yanzu ana cigiya.

Darasi: Raba wa ɗanka makwanci idan ya girma, haƙƙinsa ne. Ka yi sallama kafin ka shiga, amma fa ka shiga. Kunyar da ta hana ka sanin wanda ke kwana kusa da ɗanka ba tarbiyya ba ce.

Ka tura wa duk wanda ɗansa ke kwana a shago, ko Allah zai sa ya leƙa yau.