Maccido, Wanda Ya Tsaya Bayan Mode

Maccido ya rasu da kakar bara, a wata bukka a gefen Shinaka, garin da ba nasa ba. Ni na yi masa wanka. Abokina ne tun muna samari, ni ina kamun kifi a gulbin Rima, shi yana noman albasa a tsallake, a Tungar Marke, tsakanin Wurno da Goronyo. Yana ce mini Mai Ƙarni saboda kifi, ni kuma ina ce masa Na Inno.

Sunan yana da dalili. Uwarsa ta rasu yana jinjiri, sai maƙwabciyarsu Inno, wadda ke goyon ɗanta Mode, ta haɗa su biyu ta shayar. Mode ya tashi ya zama tela mai bin kasuwanni har Gandi. Maccido ya tsaya a lambun da ubansa ya noma, dab da ruwa. Jan jigo don ban ruwa ya sa kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, tun daga nesa nake gane tafiyarsa. Bai iya cin abinci shi kaɗai ba. Ko ɗumame matarsa Turai ta kawo masa lambu, sai ya hau kunyar lambu ya yi ta kira har wani ya zo.

A tungarsu ƙasar fadama a hannun mai gari take. Duk shekara in ruwa ya janye, yakan zagaya da mutane yana nuna wa kowa wurinsa. Yawanci inda ka noma bara nan ake bar maka, har mutum ya manta aro ne.

A 1956 aka yi zaɓen masu zuwa majalisar Kaduna. Kowane ƙauye zai fid da wakili, wakilan su taru su zaɓi mai tafiya. A Tungar Marke ba a jefa takarda ba. Mai neman wakilci zai tsaya a fili, maza masu biyan haraji su yi layi a bayan wanda suke so. Mai gari ya tsai da ƙanensa Lawwali. Mode, da ya kwaso zancen wata sabuwar jam'iyya a kasuwanni, shi ma ya ce zai tsaya, kuma da yawa sun yi masa alkawari a bakin kekensa.

Ranar na kai kifi tungar. Ni ba ɗan garin ba ne, sai na tsaya gindin marke ina kallo. Layin Lawwali ya miƙe har bakin rijiya, Maccido yana cikinsa. Mode yana tsaye, hannu a baya, yana waiwaye, babu ko mutum ɗaya. Rana ta take tsaka.

"Mode, ina jama'arka?" wani ya ɗaga murya. "Ko inuwarka ta gudu!"

Aka fashe da dariya. Mata ba su zaɓe, amma suna leƙe ta saman zana, Inno tana cikinsu, tsohuwa tukuf. Na ga Maccido ya dubi wajen zanar. Sai ya fita daga layi, ya ratsa filin da kafaɗarsa a karkace, ya tsaya a bayan Mode.

"Na Inno, ka ɓace hanya!" in ji Lawwali. "Mi ka sani ga siyasa?"

"Ban san komi ba," ya ce. "Nono guda munka sha."

Malamin zaɓe ya ƙirga, Lawwali ya ci, aka watse. Da yamma na same shi yana ba irin albasarsa ruwa, wanda ya yafa a gefen tudu kafin a raba fadama.

"Kai, mi ya kai ka?" na ce.

"Mai Ƙarni, da kai anka bari tsaye kamar turken jaki, so kake in yi dariya?"

"To jam'iyyar Mode, mi sunanta?"

Ya yi dariya har ya aje tulun. "Wallahi sai ka tambaye shi."

Ba a daɗe ba ruwa ya janye. Mai gari ya zagaya, ya zo lambun Maccido, ya nuna wa wani. Ya aiko masa cewa akwai gyara: ran Juma'a bayan an sauko, ya zo ƙofar gida gaban jama'a, ya tuba, ya kuma faɗi da bakinsa cewa babu abin da ya haɗa shi da Mode, ba dangin iya ba na baba. Irin albasa kuwa ba ya jira. In ya wuce lokacin dashe, ya tashi aiki.

Mode ya riga shi tuba. Shi da kansa ya zo roƙonsa, ina zaune.

"Ni da na tsaya na duƙa, kai mi naka? Ka faɗi, wallahi ba ni jin haushi."

Turai ma ta yi magana daga bakin murhu. "Malam, ka ji mai abin ya yafe. Nonon Inno za mu ci bana? Ka dubi ɗiyanka."

Ran Juma'a ya tafi, na raka shi. Ya cire takalmi, ya cire hula, ya durƙusa a ƙasa, mutumin da furfura ta fara fito masa.

"Ranka shi daɗe, na yi laifi, a gafarce ni."

"Saura," in ji mai gari.

Na ɗauka zai faɗa. A raina roƙo nake ya faɗa.

"Ranka shi daɗe, Inno na da rai. Za a kai mata. Wanga ba ni iya faɗi nai."

Mai gari ya tashi ya shige gida. Irin nan Maccido bai iya kallon mutuwarsa ba, sai ya tuge shi ya kai wa mutumin da aka ba lambun, ya ce a dasa.

Gonarsa ta tudu rairayi ce, ba ta ci da gida. Ya kira gayya da damina, ba wanda ya zo sai ni, don kowa yana da lambun da yake tsoron rasawa. Daga baya ya kwaso Turai da 'ya'yansu mata biyu suka dawo Shinaka kusa da ni, yana jan jigo a lambunan mutane ana ba shi abin da aka ga dama. Duk shekara in za a raba fadama sai in tsallakar da shi a jirgina, ya sa rigarsa mai kyau, ya bi ayarin mai gari har ƙarshe. Ba a taɓa duban inda yake ba. A hanyar dawowa ba ya zancen, sai dai ya tsokane ni wai tuƙina kamar na mace mai ciki. Inno ta rasu a tsakanin nan. Na ce to yanzu ya je ya faɗi abin da ake so. Ya ce, "Yanzu da ba ta iya amsawa?"

Tari ya kama shi a daminar ƙarshe, bai bar aiki ba sai da ya kasa ɗaga guga. Allah shi jiƙan Na Inno, shi sa ya huta.

Bayan Turai ta share makonni a takaba, ta aike ni in roƙa wa yaran lambun ubansu. Mai gari ya ce a bari a gama zaɓen da ke tafe, na akwati, wanda mutum zai shiga ɗaki shi kaɗai ba mai ganinsa. Da aka gama na koma. Na tarar wani ya riga ya yi dashe a lambun, albasar har ta kama. Na dawo na tsaya a bakin ƙofarta na yi sallama. Ta dubi fuskata, ta ce in shigo in sha ruwa.