Sunan da Ya Hau Kan Taken Baba

Mahaifina mahauci ne a Talata Mafara, kuma kamar kowane mahaucin da ya isa, yana da takensa a kalangu. Da makaɗin mahauta ya hango shi ya nufo rumfa, sai ya matse kalangun a hammata ya sa shi magana: "Na gidan fawa, tashi, kasuwa ta ci." Fatar kalangun ce ke faɗa, ba baki ba, amma duk wanda ya tashi a unguwarmu yana ji sarai.

Ni ban gaji wuƙa ba. Tsohuwar kwamfutar wani yayana na samu, na koyi haɗa waƙoƙi a manhaja, ina jera su wannan ta shige cikin waccan ba tare da mai rawa ya ji gaɓa ba, ina kaiwa gidajen biki. Baba bai taɓa gane kan sana'ar ba. Yakan ce ai ni ma mahauci ne, tunda yanka nake yi ina jerawa, sai dai nawa naman ba ya ƙosar da kowa.

Bayan rasuwarsa, wata rana Inna tana tankaɗe ta ce abin da ta fi kewa shi ne kiɗan nan. Daga tsakar gida takan jiyo shi sama-sama, ta san maigidanta ya isa kasuwa lafiya. Ba ta roƙe ni komai ba, faɗa kawai ta yi. Ni kuwa na ƙudurta a raina sai na dawo mata da shi.

Makaɗin ya tsufa. Ya koma ƙauyensu wajen Gidan Goga, rashin zaman lafiya ya taso shi, ya dawo Maradun wajen 'yarsa. Can na same shi ranar kasuwa, a gindin wata bishiyar bedi. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Allah shi jiƙan tsohonka," in ji shi. "Hannuna ya mutu, ɗana, amma wanga take ko cikin barci ina kaɗa shi."

Aka ɗauko masa kalangun. Na kunna 'yar na'urar ɗaukar sauti na ajiye a gabansa. Da ya soma sai na ga kamar Baba zai ɓullo ta bayan rumfunan hatsi da wuƙarsa a kube. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba. Damina ba ta ƙare ba tsohon ya rasu, kuma babu wanda ya gaje shi a kiɗan.

Da na saurari abin da na ɗauko, sai na tarar rabin kasuwar Maradun ta biyo ni gida: iska, kukan awaki, babura, da wani mai tallan maganin basir da ya rantse sai an ji shi. Ni na iya jeri da yanka, amma gogewar ƙarshe, wato share hayaniya da daidaita ƙarfin sauti har ya fito tas a kowace lasifika, wannan aikin abokina ne na Bakura. Tare muka koyi sana'ar a kan kwamfuta ɗaya. Ya ci tuwon gidanmu har Inna ta daina kiransa baƙo, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makarar Baba. Yana da ɗaki da ya manne wa kwalayen ƙwai a bango, da lasifikoki masu kyau, da kunne da ban taɓa ganin irinsa ba. Wannan ko yau ba zan hana shi ba.

Na kai masa memorin na'urar, na gaya masa ko na mene ne da wadda za a kai wa. Ya saurara ido rufe, ya ce, "Aboki, bar mani shi. Inna za ta ji kamar tana tsaye gaban rumfa."

Ba a daɗe ba janareta ya ƙona mini kwamfuta da duk abin da ke cikinta, har da kwafin da na ajiye. Na ji zafi, amma ban tashi hankalina ba, tunda na asalin yana Bakura. In na kira shi sai ya ce ana kan aiki, aikin kirki ba ya son gaggawa. Ni kuma sakarai sai in yi masa godiya.

Wata ranar Talata da hantsi ina ratsa tasha, sai na ji kalangu daga shagon masu cajin waya. Ƙafata ta tsaya kafin kaina ya gane dalili. Taken Baba ne. An ƙara masa gudu, an ɗora shi a kan wani kiɗan disko mai dukan ƙirji, an yanka shi ana maimaitawa, samari suna ta rawa da gwiwa. Sai ga murya ta faɗo a kai da amsa-kuwwa, tana kiran sunan abokina. Haka masu sana'armu ke yi, mutum ya yi ihun sunansa a cikin haɗinsa don kada wani ya sace masa aiki. Mai shagon ya ce ai sabon haɗin nan ya zaga gari, har garin Dakko ana rawarsa, ko in kawo waya ya tura mini?

Na hau babur sai Bakura. Abin haushi, sai da muka gaisa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya Inna, ya ƙarfin jikinta. Da gaisuwa ta ƙare na ce masa na ji aikinsa a tasha.

Ya yi dariya. "Ka ji yadda yat tashi ko? Wallahi tsohon nan ya iya."

"Na Inna ne nic ce maka."

"To mi anka rage mata? Da a cikin ɗaki guda za a ji shi, yanzu duk Zamfara ta san taken Baba. Kamata ya yi ka gode mani."

Na ce na ji, ya ba ni na asalin in tafi. Nan ya fara sosa ƙeya. Wai kwamfutarsa ta cika, ya share tsofaffin abubuwa. Memorin fa? Wai wani ango ya zo a gaggauce, ya goge shi ya zuba masa waƙoƙi. Na dube shi. Na san kwamfutar nan, akwai finafinai a ciki da sun fi shekara ba a kalla ba, duk ba su tsare masa wuri ba sai kiɗan tsoho ɗaya. Ya share ne don kada wani ya fito da na asali ya ce ba nasa ba ne. Kuma wanin nan ni ne.

Ina da saurin hannu, kowa ya sani, amma ranar ban ɗaga ko yatsa ba. Da wani can ne ya yi mini, da na ce ɓarawo ne na huta. Wannan kuwa ya san inda kabarin Baba yake.

Na koma tasha na ce wa mai caji ya tura mini. Da na sami wata kwamfutar, na zauna da haɗin ina ƙoƙarin warware abin da ya ɗinka. Na rage gudun har kalangun ya dawo tafiyarsa ta dattijo. Na danne dukan diskon iya yadda manhaja za ta iya, ya koma kamar ana daka a gida na uku. Na nemo gutsattsarin na mayar da kowane wurinsa. Amma a duk haɗin wuri ɗaya ne kawai ya bar taken ya fita cikakke, kuma daidai nan ya ɗora ihunsa, a kan "tashi". Murya da fata sun narke wuri guda. In na cire shi, kalmar ta tafi da shi. In na bar kalmar, yana nan. Na gwada duk dabarar da na sani, na tambayi waɗanda suka fi ni, amsa ɗaya ce.

Na so in ɓoye, amma Inna ta san na je Maradun, kuma ta fara tambaya. Wata rana bayan la'asar na ajiye 'yar lasifika a kan tabarmarta na kunna. Ta ajiye carbi. Kalangun ya kira na gidan fawa, ta sunkuyar da kai hawaye na sauka. Sai muryar ta faɗo.

"Wa ka magana?" ta tambaya.

Na ce ɗanta ne na Bakura.

"Allah sarki, shi ma ya sa bakinai ciki? Yaron nan ya so babanku. Allah shi yi mai albarka."

Ban iya gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba, don ba zan ƙwace mata abu biyu a rana ɗaya ba. Yanzu kusan kowace Juma'a sai ta ce in sa mata. Ina kunnawa in koma gefe. Duk lokacin da aka zo wurin, sai ta ɗaga hannu ta sa masa albarka, ta juyo tana jiran in ce amin.