Ƙashin da ba a mayar ba

Ɗazu na ga bidiyon masu tonon tarihi a waya, sai na tuna wata la'asar a Illela, wajen 1987.

Muna zaune a shagon magani na Malam Yohanna, Kirista ne, maƙwabcinmu. Ya samo kaset na bidiyo daga Jos, ni malamin firamare ina fassara wa jama'a Turancin. Turawa ne sun tono wani tsohon kabari a birnin Kudus, sun ciro ƙashin diddige da ƙusa a jiki. Likita na aunawa, yana cewa wannan shaida ce lallai ana gicciye mutane a zamanin da Linjila ta faɗa.

Malam Yohanna har da miƙewa tsaye. "Kun gani? Ga shi ƙiri-ƙiri!"

Na ɗauka musun addini zai tashi, don Baba Ɗangaladima na wurin, dattijon da ke haƙa kabari a unguwarmu. Sai Baba ya juyo gare ni.

"Malam, da sunka gama dubawa, sun maida shi?"

"Mi, Baba?"

"Ƙashin. Ɗan wani ne fa. Wa ya rufe shi?"

Muka mayar da kaset baya har sau biyu. Sun faɗi sunan mai ƙashin, amma ba su faɗi ko an mayar da shi ba.

Malam Yohanna ya zauna a hankali, ya ce, "Ko sunansa ban saurara ba."

Ni ma da na fassara, ban riƙe ba. Ku in kuna kallon irin wannan, tambayar Baba ta taɓa zo muku?