Roƙon Ruwa a Argungu, da Rigar da Ta Sha

Duk ilimin duniya, daga lissafin taurari har zuwa dokokin ƙasa, bai kai sanin ranar da ya kamata a fara roƙon ruwa ba. Wannan babban al'amari ne ya fitar da ni daga Gwadangaji da asuba, domin Kawu Bawa ya yi waya daga Argungu cewa ruwa ya ɗauke, geronsa ya fara naɗe ganye, an kuma sa safiyar nan a fita filin idi.

Tasha zuwa Argungu

Na samu gaban mota, muka raba kujera da wani buhun albasa. Tun da malamin makaranta ba ya iya zama shiru, sai na faɗa wa direba abin da na karanta: Yahudawan da ke zaune wajen ƙasarsu ba su fara sa roƙon ruwa cikin addu'arsu sai farkon Disamba, ko ina suke.

"Disamba, Malam?" in ji shi. "Muna sussukar shinkafa su roƙo muna ruwa? Don Allah ka ce su yi nesa da Kabi."

Na ƙara da cewa na cikin ƙasar tasu sun fi sammako, amma su ma sukan ɗan jinkirta bayan idinsu, don masu ziyara su isa gida ruwa bai taɓa su ba.

"To, waɗanga sun san darajar direba," ya ce, ya miƙa wa masu shinge gaisuwa muka wuce.

Argungu

Kawu ya tarbe ni sanye da tsohuwar riga, ya dubi shaddata mai sitaci.

"Kai ɗan nan, roƙo munka zo ko ɗaurin aure?"

Aka yi raka'a biyu da hantsi, liman ya yi huɗuba, kowa ya juya rigarsa. Na ba Kawu shawarar a yi koyi da masu jiran matafiya, a roƙa ruwan ya dakata har in isa gida. Ya ce gero bai san ni ba.

Muka ci tuwon shinkafa da kifi. Kafin la'asar gabas ta haɗe.

Komowa

Motoci sun cika, sai na hau kabu-kabu zuwa mararraba in tari motar gida. Nan ruwa ya same mu, irin mai dukan ƙeya. Mata na guɗa a bakin gonaki, mai babur na dariya, ni ma na kama, shaddar ta manne mini kamar fatar kifi. Kawu ya kira yana ihu cewa kunyar gonarsa ta cika har tana ambaliya, gero ya tsira.

Na iso gida da magariba ina ɗiga, ina gode wa Allah da ya karɓi roƙonmu nan take. Hajiya, maiɗakina, ta buɗe ƙofa, ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaya ko a gulbi na faɗa.

A Gwadangaji ko ɗigo bai sauka ba.