Luguden Taurari da Gurmin Malam

Rubuta, Hadiza, kada ki gyara min magana. Idan na yi kuka ki jira ni.

Muna yara a wani ƙauye kusa da Baure, kakata Iya Dije takan tara mu bakin murhu bayan sallar lisha. Sai ta ce, "Ga ta nan, ku matso kafin ta huce."

Ta ce Rana da Wata da Zara turmi ɗaya suke daka a sama, lugude suke yi, kowa da lokacin sauke taɓaryarsa. Wannan amon ne ke kawo damina, ya kawo kaka. Wata rana Zara ta so a yabe ta, ta riga Wata saukewa. Taɓare suka gwabzu, ruwa ya zo ba lokacinsa ba, gero ya ƙone. Sai da ta koyi sauraro kafin duniya ta daidaita.

Na ce, "Iya, mu me ya sa ba ma ji?"

Ta ce, "Ke da bakinki ba ya rufuwa, me za ki ji?"

Da na auri kakanki Malam, makaɗin gurmi a Daura, na ba shi labarin. Bai yi dariya ba. Ya danne tsirkiya daidai tsakiya, ya kaɗa, muryar ta fito ita ce dai, amma siririya. Ya ce, "Kin ji? Awo ne. Wanda ya auna tafiyar wata Shi ya auna wannan." Ke ma, Hadiza, kin ce a makaranta da lissafi ake sanin ranar husufi.

Da shari'a ta zo, aka daina kiransa biki. Ya rataye gurmin da hannunsa, bai zagi kowa ba. Amma in ina daka da safe, sai in ji yana buga yatsa a gwiwa, tsakanin bugu da bugu.

Wata biyar ke nan da rasuwarsa. Babanki ya ce a fasa gurmin kafin Juma'a, kada ya zame wa mamaci nauyi. Na san tausayi ne ya sa shi. To, ki karanta masa wannan. Ni ban yi karatu ba, amma shekara hamsin ban ga ƙoƙon gurmin nan ya hana Malam sallah ko sau ɗaya ba. A cikinsa ya koyi jiran lokacinsa, har da ni mai gaggawa ya jira.

Ba za a fasa ba. Ya zauna a ƙusarsa har a fitar da ni.