Sarƙar Magajin Garin Holan

Warin sabuwar atamfa ne ya dawo mini da shi. Shekarar da Sin ta yi wasannin Olamfik, ɗana ya kai ni Guangzhou ganin likitan ido. Rannan muka shiga wani shago a benen Tianxiu, aka ɓalle dilar atamfa, sai na ji ni a gidan Baturen atamfa, ina 'yar shekara bakwai.

Babanmu kuku ne a gidan, mu muna ɗakunan baya. Baturen mutumin Holan ne. A falonsa akwai hoton wani tsoho mai farin gashin baki, da sarƙa mai kauri a wuya. Ba gilashi a kan hoton. Da damina takardar takan yi gumi, ka ce mutumin ne ya sha tafiya. Duk kusurwar da ka tsaya, kai yake kallo.

Babanmu ya ce mahaifin Baturen ne. Ya daɗe yana magajin gari, sannan aka zaɓe shi majalisar ƙasarsu. Garin nasa ƙasa yake da teku, ganuwa ce ta tare ruwan, shi kuma kullum yana kan gyaranta. Sarƙar ta sarauta ce, in mai ita ya mutu a sa wa na gaba.

Kaka tana tsinkar rama, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ya mutu, ka ce? To me take yi a wuyansa har yanzu? Ni na ga bayi da idona, yaro. Wannan ɗaure yake a ƙarƙashin ruwa. Allah Ya kwance shi."

Kwana uku maganar tana cina. Ran na huɗu da hantsi, Bature ya tafi kanti, na ɗauki allurar Kaka na hau kujera. Na kankare sarƙar ƙulli bayan ƙulli. Da na zo ƙarshe hannuna ya goce, na ja layi har kafaɗarsa. Wallahi sanyi na ji ya fito daga takardar, irin na bakin rijiya.

Bature bai yi faɗa ba. Ya tambayi Babanmu wanda ya yi, Babanmu ya ce bai sani ba. Kafin Juma'a mun kwashe kayanmu. Babanmu bai ƙara samun aiki irin wannan ba, ni kuma ban buɗe baki ba har aka binne shi.

To, a shagon nan, kowace atamfa da tambarinta, wai 'yar Holan, alhali a Panyu, nan cikin Sin, aka buga ta. A tambarin ga tsohon nan. Wuyansa fari fat, ga layi har kafaɗa.

Na ce wa ɗana ya tambayi mai shagon ina sarƙar. Ɗan nawa ya yi dariya, ya ce, "Hajiya, idon ne." Na ce idona bai taɓa yi mini ƙarya ba, tambaye shi. Mutumin ya duba, ya kaɗa hannu: "Meyo, meyo." Wato babu. Haka hoton ya zo musu, ba su san daga ina ba.

A wurin na faɗa wa ɗana abin da na ɓoye wa kakansa. 

Yanzu a Kantin Kwari nakan ga mata suna ɓare tambarin su yar. Ni in na gani sai na tsugunna na ɗauka. Tsohon dai na kwance shi. Babanmu ne ban san yadda zan yi da shi ba.